Tsara kiɗan kilasika a kan akodiyan mai maɓallai: tambayoyin da ake yawan yi a Kano

Masu buga akodiyan mai maɓallai a birnin Kano ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Akwai masu koyar da waƙa a majami'un Sabon Gari, akwai 'yan situdiyon Zoo Road da kunnensu ya gaji da fiyano, akwai kuma wanda ɗan'uwansa ya kawo masa shi tsaraba daga Turai ya rasa yadda zai yi da shi. Da zarar hannun mutum ya ɗan faɗa, sai sha'awar Mozart ko Beethoven ta taso masa, daga nan tambayoyi su fara zuwa, kusan kullum iri ɗaya. Su ne na tara a nan. Duk misalan a kan akodiyan mai layi biyu suke, G da C, mai maɓallai 21 a dama da 8 a hagu, domin shi ne a hannuna.

Wane irin akodiyan ake nufi, kuma me ya raba shi da mai haƙoran fiyano?

Wanda ake gani a hannun makaɗan Sudan, mai haƙora farare da baƙaƙe, sauti ɗaya kowane haƙori yake bayarwa, ko ka buɗe zuga-zugin ko ka rufe. Namu ba haka yake ba. Kowane maɓalli murya biyu gare shi: in ka tura zuga-zugi ya ba ka ɗaya, in ka ja ya ba ka wata. A layin C, turi yana ba da C, E, G, ja kuma yana ba da D, F, A, B. In za ka hau daga do, wato C, zuwa do na sama, haka za ka yi: tura, ja, tura, ja, tura, ja, ja, tura. Wannan ja biyu a jere, a kan la da ti, shi ke rikita sabon shiga a makon farko.

Duk abin da za a faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe. Mai fiyano yana tunanin yatsa ne kawai. Kai kuwa kana tunanin yatsa, da wajen da zuga-zugi zai nufa, da sauran iskar da ta rage maka, duka a lokaci guda.

Me ake nufi da tsara kiɗa? Ba takardar kawai mutum zai ɗauka ya buga abin da ke ciki ba?

Kilasika shi ne rubutaccen kiɗan Turai irin na su Bach, Mozart, Beethoven da Brahms, wanda aka rubuta wa fiyano, ko goge irin na Turawa, ko taron makaɗa masu yawa. Takardar tana ɗauke da muryoyi huɗu, ko goma, ko fiye, kowacce da hanyarta. Kai kuma yatsu huɗu kake da su a dama, da maɓallai takwas a hagu. Ba za ta shiga yadda take ba.

Kamar a ba tela babbar rigar uba ne a ce ya fitar wa yaro kaftani. Dole ya yanka, gwanintarsa kuwa ita ce sanin inda almakashi zai bi ba tare da ya taɓa aikin wuyan ba. Abin da ba a taɓawa shi ne karin waƙar, wato abin da mutum zai iya rerawa da baki bayan an gama, sai kuma tafiyar bes, wato murya mai kauri ta ƙasa, a wuraren da take da magana. Sauran duk abin ciniki ne.

Dama can an yi wannan kayan kiɗa don kilasika ne?

A'a. Cyrill Demian ya yi rajistar akodiyan a birnin Biyana a 1829, shekara biyu bayan rasuwar Beethoven a wannan birnin. Nasa ɗan ƙarami ne mai maɓallai biyar, don raka mai waƙa. Daga baya Paolo Soprani ya kafa masana'anta a Castelfidardo ta Italiya a 1863, kamfanin Hohner na Trossingen a Jamus kuma, wanda ya fara da harmonika a 1857, ya shiga ƙera akodiyan a 1903. Kayan rawar ƙauye ne da na matuƙan jirgin ruwa, kuma ta wannan hanya ya zaga duniya. A nan Najeriya, I.K. Dairo ne ya yi suna da shigar da mai maɓallai goma cikin kiɗan juju.

Manyan marubutan kiɗa ba su cika kula shi ba. Tchaikovsky ya saka akodiyan huɗu a wani sashe na kiɗan da ya rubuta a 1883, amma na ɗan gajeren wuri ne, har ya ce in babu su a ci gaba. Saboda haka kusan duk kilasikar da za ka buga a kansa, wani ne ya tsara ta, ko kuma kai za ka tsara.

Waɗanne sautuka nake da su a hannun dama, kuma ta wane ɓangare?

Wannan jadawali ya kamata ya zauna maka a ka kamar lambar wayarka. Layin waje, na G: turi G, B, D, ja A, C, E, F#. Layin ciki, na C: turi C, E, G, ja D, F, A, B. In ka haɗa su za ka ga B, C, D da E suna samuwa ta kowane ɓangare, muddin ka yarda ka tsallaka layi. G turi ne kaɗai. A, F da F# ja ne kaɗai.

Waɗannan huɗun masu fuska biyu su ne jarinka. Da su kake sulhunta dama da hagu, da su kuma kake ceton iska. Sauran huɗun ba sa jin lallashi, su ke yanke wa zuga-zugi hukunci. Daga cikin sautuka 12 da ke tsakanin do da do, takwas kenan. Huɗun da suka rage, C#, Eb, G# da Bb, yawanci ana cusa su a maɓallan farko na kowane layi, can kusa da haɓarka, kuma tsarinsu ya bambanta daga wannan maƙeri zuwa wancan. Duba amsar da ke kan sautukan da babu su.

To a hagu fa?

Maɓallai takwas ɗin biyu-biyu suke: bes ɗaya, da kod ɗinsa, wato dunƙulen sautuka uku da ke fita tare. A tsarin da aka fi sani: G a turi D a ja, C a turi G a ja, E a turi A maino a ja, sai F ta kowane ɓangare. Kod shida kenan, biyu daga ciki, G da F, ba ruwansu da inda zuga-zugi ya nufa.

Shida ba yawa, amma ana yi musu dabara ta hanyar auren bes ɗin wani da kod ɗin wani. Bes ɗin D da kod ɗin F, duka a ja, suna ba ka D maino mai ɗan ƙari. Bes ɗin E da kod ɗin G a turi suna ba ka E maino. Bes ɗin F da kod ɗin A maino a ja suna ba da wani sauti mai taushi da ke daɗi a kiɗa mai tafiyar hawainiya. Wata dabarar ita ce cire sautin tsakiya na kod, wanda shi ne ke nuna mejo ne ko maino. Wasu akodiyan suna da ɗan maɓallin yin haka a saman ɓangaren hagu. Wanda ba shi da shi, gwani na iya toshe harsunan ƙarfen da ke fitar da wannan sautin daga ciki. In an cire, kod ɗin E ya zama ba mejo ba maino, hannun dama ne zai faɗi ko wanne ne. Ni tun da na cire nawa ban mayar ba.

Da wane kiɗa zan fara?

Da karin nan na Beethoven da ke ƙarshen simfoninsa na tara, wanda aka fara bugawa a Biyana a 1824. 'Yan kwaya sun san shi tun suna yara. Galibi taki ɗaya-ɗaya yake tafiya, tsallensa kaɗan ne, kuma babu baƙon sauti a cikin karinsa. A ki ɗin G, wato in G ne do ɗinka, zai fara B, B, C, D, D, C, B, A, G. Daga shi sai waƙar lallashin yaro ta Brahms ta 1868, wadda kod uku sun ishe ta.

Amma wanda na fi son in nuna wa sabon ɗalibi shi ne buɗewar Eine kleine Nachtmusik ta Mozart, ta 1787, wadda dama a G take. Jimlar farko G, D, G, D, G, D, G, B, D ce, duk turi a layin waje. Jimlar da ke amsa mata C, A, C, A, C, A, F#, A, D, duk ja, in ka ɗauko D ɗin ƙarshe daga layin ciki. Kira a turi, amshi a ja, kamar mai waƙa da 'yan amshinsa. Sai ka rantse don wannan akwati aka rubuta ta, alhali an rubuta ta shekara 42 kafin a yi rajistarsa.

Dole ne in buga a ki ɗin da marubucin kiɗan ya zaɓa?

Ba dole ba ne, kuma galibi ma ba zai yiwu ba. Brahms ya rubuta tasa a Eb, wanda akwatinka bai san da shi ba. Mayar da ita G ko C, ba wanda zai kai ka ƙara. A G da C kana da ki huɗu da za ka zauna lafiya a ciki: G, C, A maino, sai E maino in ka cire sautin tsakiya. D maino da F suna yiwuwa da ɗan wahala saboda Bb. Tsakanin G da C kuma ba zaɓin son rai ba ne: kod ɗin da kiɗan ke buƙata su za su zaɓa maka, kamar yadda misalin Pachelbel zai nuna a amsa ta gaba.

Malam, in na zauna da takarda a gabana, ta ina zan fara?

Ba ta dama ba. Kowa da dama yake farawa, ya haddace karin a layi ɗaya, sai ya zo saka hagu ya tarar duk kod ɗin suna ɓangaren da bai dace ba, ya koma warware saƙar da ya yi mako biyu yana yi. Fara da rubuta kod ɗin kowace gaɓa. Sannan ka gwada su a ki biyu ko uku ka ga wanne ne hagunka yake da su duka. Sannan a ƙarƙashin kowane kod ka rubuta turi ko ja, inda yake da 'yanci ka bar gurbi. Sai bayan wannan ne za ka nema wa kowane sauti na karin maɓallin da ya dace da wannan ɓangare.

Ɗauki Canon na Pachelbel, wanda asalinsa a D yake, kod takwas suna ta zagayawa. In ka kai shi G za ka buƙaci B maino, ba ka da shi. In ka kai shi C sai ya zama C, G, A maino, E maino, F, C, F, G, duk suna hannunka. Karin farko kuma E, D, C, B, A, G, A, B ne. E a kan C, turi. C a kan A maino, ja, daga layin waje. B a kan E maino, turi, daga layin waje. A a kan F, ja, sau biyu. G a kan C, turi. Ƙirga ka gani: turi uku na dole, ja uku na dole, G biyu kuma naka ne ka saka su inda iska ta buƙata. Wannan lissafin na minti goma shi ne rabin aikin.

Can gaba cikin Canon ɗin, inda goge uku suke bin juna a guje, ba za ka iya ɗaukar ukun ba. Zaɓi murya ɗaya a kowane zagaye, wadda kunne ya fi bi, in wuri ya ba da dama ka ƙara mata abokiya ɗaya a ƙasa. Zagaye biyar ko shida masu tsabta sun fi ka ce sai ka kwashe duka.

Karin yana son ja, kod yana son turi. Wa zan bi?

Nan ne ake gane mai tsari. Misali a Minuet ɗin G da ke cikin littafin Anna Magdalena Bach na 1725, wanda aka daɗe ana cewa na Bach ne kafin a gano a shekarun 1970 cewa na Christian Petzold ne. Gaɓa ta uku tana kan kod ɗin C, turi kenan, karin kuma E, C, D, E, F#. Huɗun farko duk suna samuwa a turi in ka ɗauko D daga layin waje. F# kuwa sai ja. Mafita a nan mai sauƙi ce: F# ɗin ɗan wucewa ne a ƙarshen gaɓa, ɗaga yatsan hagu, ka ja shi shi kaɗai, ka dawo. Kunne ya riga ya ji C, zai riƙe shi da kansa.

In sautin da ke rigima dogo ne ko ya faɗo a kan bugu mai nauyi, sai a canza kod. A a kan C ya ƙi? Gwada A maino ko F. G a kan D ya ƙi? Sau da yawa kod ɗin G zai zauna a wurin. In duk sun ƙi, sauya ki gaba ɗaya. Abu na ƙarshe da ake taɓawa shi ne karin kansa, kuma in har ka kai ga canza sauti fiye da ɗaya ko biyu, ka yi zargin ba kiɗan akwatinka ba ne.

Kiɗan yana da sautin da babu shi a layukana. Shi kenan na haƙura?

Ya danganta da matsayin sautin. A rabi na biyu na wannan Minuet ɗin akwai C#, domin kiɗan ya ɗan leƙa ki ɗin D. Ba a tsallake shi, shi ne ƙofar shiga. Duba ko maɓallin farkon naka yana da shi, kuma a hawan da ake buƙata, don samun C# a ƙasa ba ya maganin wanda ake nema a sama. Wani lokaci sai ka sauke duk jimlar hawa ɗaya don ta iske shi.

Für Elise ta Beethoven ce ta fi jawo wannan tambaya. Hagu yana marhabin da ita, domin A maino da E mejo su ne ginshiƙanta, kuma ga su a maɓalli guda. A nan ma sai ka mayar da sautin tsakiya, ko ka saka G# a dama. Matsalar ita ce E, D#, E, D# ɗin farko, wanda shi ne fuskar kiɗan. In D# ɗinka, wato Eb, yana can nesa da E, hannu zai riƙa zirga-zirga kamar ɗan aike, laushin ya tafi. Masu layi biyu da rabi ko layi uku sun huta da wannan. Na taɓa jin wanda ya maye shi da D kawai. Ya bugu, amma ba Beethoven ba ne kuma.

Iska tana ƙare mini a tsakiyar jimla. Me nake yi ba daidai ba?

Mai algaita yana cika kumatu ya shaƙi iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Zuga-zugi ba shi da wannan baiwa: in ya rufe ya rufe. Ɗauki sanyayyen karin nan na simfonin Dvořák na tara, na 1893, wanda farkonsa a kan sautuka biyar yake tafiya, shi ya sa kunnen Bahaushe ke karɓarsa nan take. A C zai zama E, G, G, E, D, C, D, E, G, E, D. Ana iya buga shi duka a turi, amma kafin ka kai D ɗin ƙarshe zuga-zugi ya haɗe. To wannan D ɗin dogo ne kuma yana kan kod ɗin G, sai ka ja shi, ka mayar da abin da ka kashe.

Sauran magungunan: fara jimlar da zuga-zugi a buɗe daidai gwargwado, danna maɓallin iska da babban yatsan hagu kaɗan-kaɗan yayin da kake bugawa a ɓangaren da yake da ƙaranci, ba sai an tsaya ba, rage riƙe bes, don manyan harsuna su ke shan iska. Ka kuma rubuta wuraren numfashi a takardarka tun farko. In ka yi duk wannan iska tana gudu, wataƙila akwatin ne ke yoyo. Duba amsar ƙarshe.

Me ya sa duk abin da na buga sai ya koma kamar kiɗan rawa?

Saboda hannun hagu ya saba da bes, kod, bes, kod. Wannan ya dace da wals irin Blue Danube na Johann Strauss, wanda dama don rawa aka yi shi. Amma ka ɗora shi a kan Bach, ka mayar da shi kiɗan biki. Gwada bes kaɗai a farkon kowace gaɓa. Gwada riƙe kod a hankali ba tare da bes ba. Gwada yin shiru a hagu na jimla guda, ka ga yadda dawowarsa za ta yi nauyi.

Akwai kuma abin da ba ka da iko a kai: zuga-zugi ɗaya ne ke ciyar da hannu biyu, ba yadda za ka ƙara wa dama ƙarfi ka rage wa hagu kamar a fiyano. Hanya ɗaya ita ce gajarta na hagu, ka taɓa ka saki kamar mai taɓa tukunya a wuta.

Ƙananan adon nan na karkarwa tsakanin sauti biyu, ana iya yin su?

Ana iya, in sautukan biyu suna ɓangare ɗaya. B da C a ja, D da E ta kowane ɓangare, A da B a ja, duk suna fita lafiya ta tsallaka layi. G da A ba sa yiwuwa, haka F# da G, domin ɗaya turi ne ɗaya ja. Kada ka jijjiga zuga-zugi don ka tilasta su. Taɓa sautin sama sau ɗaya ka sauka, ko ka bar shi fili.

Ban iya karatun nota ba, do-re-mi kawai na sani. Zan iya tsara kiɗa?

Za ki iya, Malama, kuma do-re-mi ɗin ma wata riba ce, domin ba ruwansa da ki: do ɗin da kika ga dama shi ne do. Abin da kike buƙata shi ne layi uku a takarda. Na sama karin waƙar, na tsakiya lambar maɓalli, da ɗan waƙafi a saman lambar in layin ciki ne, na ƙasa kuma kod da harafin T ko J. Hattara ɗaya: takardun Faransa da ake samu a intanet suna amfani da P da T, kuma T ɗinsu ja yake nufi, ba turi ba. Na ɓata yamma guda ina zargin akwatina kafin in gane.

Duk da haka ki koyi karatun nota ko da na hannun dama ne. Asalin takardun suna nan kyauta a shafin IMSLP, manhajar MuseScore kuma kyauta ce, za ta sauya miki ki ta buga miki ki ji.

Waɗanne ne zan ƙyale, ko kuwa in sayi babban akodiyan?

Ƙyale mafi yawan Chopin, da Debussy, da Wagner. Kiɗansu yana sauya ki kamar hawainiya, kuma daɗinsa a cikin waɗancan kod ɗin yake da ba ka da su. Hatta share-fagen C na Bach na 1722, da ake ganin mai sauƙi ne a fiyano, gaɓa kaɗan za ka yi baƙin sautuka su fara fitowa a ƙasa, inda ba ka da su. Abin da ya fi karɓar akwatin nan shi ne raye-rayen zamanin Bach da Mozart, da waƙoƙin coci masu murya huɗu, da wals.

Babban akwati mai layi uku da bes 12 ko 18 zai buɗe maka ƙofofi, musamman in yana da G a ja da A a turi. Amma ya fi nauyi, ya fi tsada, kuma sai an yo maka odarsa daga waje. Shawarata, kada ka saya sai ka tsara kiɗa goma a kan ƙaramin. A lokacin za ka san takamaiman sautukan da kake nema, ba wai yawan maɓallai ne ya ruɗe ka ba.

In na ɗora a YouTube ko TikTok, akwai matsalar haƙƙin mallaka?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Bach ya rasu a 1750, Mozart a 1791, Brahms a 1897, Dvořák a 1904, duk nasu ya zama na kowa. Fela Sowande kuwa, mai African Suite, a 1987 ya rasu, don haka nasa sai da izini. Ka kuma sani tsarin da wani ya yi a zamanin nan nasa ne ko da kiɗan tsoho ne, haka ma faifan da wata ƙungiya ta ɗauka. Kada ka ɗora bugunka a kan nasu. Na'urar YouTube takan yi kuskure ta ce bugunka na wani ne. Akwai wurin ƙalubalanta, ka ajiye takardar tsarinka.

Zai haɗu da kayan kiɗanmu na gida?

Da goge ko kukuma yana haɗuwa, domin ba su da tsayayyen mataki, mai su zai bi ka da kunne. Kai ba za ka iya bin sa ba, harsunanka a ɗaure suke. Kalangu yana yi wa Minuet kyau fiye da yadda za ka zata, in mai shi ya yarda ya sassauta. Algaita kam kada ka soma, za ta haɗiye ka ɗanye.

Zafin Kano da ƙurar hunturu ba za su lalata shi ba?

Za su iya. Harsunan ƙarfen da ke ciki da kakin zuma haɗe da ƙaro aka manna allunansu, kuma zafin watan Afrilu a cikin mota rufaffiya ya isa ya narkar da shi, su zame. Kada ka bar shi a but, ko jikin bangon da rana ke duka, ko kusa da janareta. A hunturu kuma ƙananan fatun da ke rufe harsunan suna bushewa su lanƙwashe, sai ka ji sauti yana gurnani ko iska tana gudu. Ƙura ɗaya tak a bakin ƙaramin harshe tana iya sa shi yin shiru. Mayar da shi jakarsa duk ka gama, a tsaye kan ƙafafunsa.

Don gwada yoyo, rufe zuga-zugin, ka riƙe ɓangare ɗaya ka bar ɗayan ya rataya ba tare da ka danna komai ba. In ya buɗe a hankali ƙwarai, lafiya. In ya zube nan da nan, akwai ɓaraka. Badukun Kurmi zai iya samo maka fata mai laushi ta facin kusurwar zuga-zugi, amma kada ka bari kowa ya kusanci harsunan da magagari ko sufa gulu sai wanda ya taɓa gyara irinsa.